Iyakar da Alice Ta Shata wa Wutar Daji

Idan ka bi titin Bwari ka shiga Dutse Alhaji, ka ratsa ta bayan gidajen haya har inda kwalta ta ƙare, wata turba za ta ɗauke ka zuwa gindin duwatsu. A nan gonar Alice Jonah take. 'Yar ƙabilar Gbagyi ce, gajera mai faɗin kafaɗa, shekarunta hamsin da bakwai. Doya take nomawa da dawa da 'yar gyaɗa. Ranar kasuwa ta saɓa kayanta a kafaɗa yadda matan ƙabilarsu suke yi, ta gangara bakin titi ta baje. A unguwa ba a kiranta da sunanta, Mama Treasure ake cewa, da sunan 'yarta ta fari.

An haife ta a wani ƙauye da yanzu babu shi, benaye sun zauna a kansa. Mahaifinta, Wakili, shi ne wanda dattawan ƙauyen suka ɗora wa sha'anin ƙona daji, don a wancan zamani ba kowa ke ƙyasta ashana a ciyawa yadda ya ga dama ba. Da damina ta ɗauke, Wakili zai riƙa zagaya bayan gari yana duba gamba. Sai ya cizgo kara guda ya murɗa a hannu. In ya fitar da ruwa, da saura. In ya karye ƙas, an makara. In kuwa ya lanƙwashe ya yi ɗan ƙara bai karye ba, to ranar ta zo. Sai a yi shela, kowane gida ya ba da mutum, a share kewayen gonaki da rumbuna, a sa wuta da sanyin safiya, ta ci a hankali ta mutu da kanta kafin rana ta yi zafi. Ciyawar da aka ƙone a lokacin ba za ta zama abincin babbar wuta a tsakiyar rani ba. Alice ce babba a 'ya'yansa, kuma tana binsa wannan zagaye tun tana ƙarama har ta yi aure.

Mijinta Jonah magini ne, amma da damina gona yake komawa. Shi ya dasa itatuwan kashu goma sha ɗaya a gefen gonarsu. Ya rasu a shekarar 2012 bayan gajeriyar jinya, ya bar mata 'ya'ya huɗu da gonar.

Kafin nan gari ya riga ya taso ya cim musu. Tsofaffin maƙwabta wasu sun tashi, wasu sun mutu. Filayen gindin dutsen suka koma hannun baƙi: masu gadi, 'yan acaɓa, ƙananan ma'aikata da ke neman inda za su shuka masara a ƙarshen mako. Ba wanda ya san maƙwabcin gonarsa, balle a yi shela. Wuta ta zama ta kowa. Mai ƙona shara ya sa tasa, mai farautar gafiya ya tura hayaƙi a rami ya tafi abinsa.

Ran wata Asabar cikin Fabrairun 2016, wajen ƙarfe biyu na rana, Alice tana kasuwa tana ciniki, sai mai sayar da manja da ke gefenta ta taɓa ta, ta nuna mata dutse. Hayaƙi ne baƙi ƙirin ya turnuƙe saitin gonarta. Ta bar kayan a nan ta kama gudu. Ko da ta isa, rumbun doyarta ya riga ya rufta. Doya ɗari shida ke ciki, har da irin da za ta shuka. Itatuwan kashun Jonah kuwa, takwas sun ƙone ƙurmus. Motar 'yan kwana-kwana ta zo, amma iyakarta ƙarshen kwalta, babu hanyar da za ta hau. Kwana biyu ƙamshin gasasshiyar doya yana tashi daga wurin.

Alice ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta zauna a kan wani dutse har la'asar tana kallon toka. Abin da ya fi ci mata rai ba asarar ba ce. Ita ta san abin da ya kamata a yi tun watan Nuwamba, ta gani da idonta shekara da shekaru, amma ta zauna tana jiran wani ya yi shela.

Da Nuwamba ta zagayo, ta ɗauki fartanya da adda da manjagara. Ta share fili tas, faɗin taku shida, ya kewaye gonar baki ɗaya, ko tsinke ba ta bari ba. Mako uku ta yi tana wannan aiki ita kaɗai. Sannan ta murɗa gamba, ta zaɓi safiya marar iska, ta ƙone ciyawar da ke bayan sharar. Wannan fili da ta share shi take kira iyaka.

Maƙwabcin gonarta wani dattijo ne mai suna Godfrey, tsohon mai gadi a wata ma'aikata, wanda ya yi ritaya ya koma noma da farauta da karnukansa biyu. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallonta.

"Mama Treasure, kwangilar titi gwamnati ta ba ki ne? Wace mota za ta bi nan?"

"Motar da ba ta da birki," in ji Alice, ba ta ko ɗago ba. "Ka zo a Fabrairu ka ga inda za ta tsaya."

Shekara biyar tana haka. Wuta ta zo sau uku a cikinsu, duk ta kai bakin iyakar ta rasa abin ci, ta karkata. Gonar Godfrey sau biyu tana ƙonewa. Ya daina zolayarta, amma bai ɗauki fartanya ba.

A ƙarshen Oktoban 2021 wata farar mota ta tsaya inda kwalta ta ƙare. Wata mata ta fito, doguwa, sanye da dogon hijabi da takalmin kambas, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ta yi ta tambaya har aka nuna mata gonar. Alice na ganin jaka da takardu ta tsuke fuska, don ta sha ganin masu zuwa da takardu, kuma bayan tafiyarsu turakun shata fili ne ke biyowa.

"In fili kuka zo aunawa, ki gaya wa oganku akwai mai shi."

Baƙuwar ta yi dariya, ta rusuna ta gaishe ta. "Mama, ba fili na zo nema ba. Sunana Kauthar Uthman, a jami'a nake koyarwa. Ina bincike ne kan gobarar daji a gefunan Abuja. Tambaya ce ta kawo ni, kuma an ce ke kaɗai za ki amsa ta."

Ta buɗe kwamfutar a kan wani kututture. Hotuna ne da tauraron ɗan'adam ya ɗauka daga sama, shekara bayan shekara. Duk inda wuta ta ci ya fito baƙi. Kauthar ta riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya, gindin dutsen yana yin baƙi kowane rani, sai wani ɗan wuri guda mai siffar ƙwarya da ya ƙi yin baƙi tun daga 2017.

"Na yi wata biyu ina zaton na'ura ce ta samu matsala," in ji ta. "Da na gaji na ce bari in zo in gani da idona. Me kike yi wa gonar nan?"

Alice ta daɗe tana kallon hoton. Ba ta taɓa ganin gonarta daga sama ba. Ta sa yatsa ta nuna inda ragowar kashu uku suke, ta gane su. Daga nan ta ce wa baƙuwar ta ajiye jaka ta biyo ta, ta zagaya da ita iyakar daga farko har ƙarshe, tana bayani.

A ranar suka fara saɓani. Kauthar ta yarda da shara, amma ba ta yarda da ƙonawa ba. A ganinta duk wata wuta a daji ɓarna ce, tana cinye takin ƙasa, tana kashe ƙananan itatuwa, kuma abin da take shirin rubutawa ke nan, a hana gaba ɗaya.

"Dakta," in ji Alice, "ki hana a takarda. Ciyawar nan ba ta karatu. In ba ki ƙone ta a Nuwamba tana da sauran ruwa a jiki ba, wani zai ƙone miki ita a Fabrairu, ranar da ba ki shirya ba."

"Wataƙila haka ne, Mama. Amma ba zan iya rubuta wataƙila ba. Za ki yarda mu gwada?"

Suka ware filaye uku masu girma ɗaya a wani fako da ba a nomawa, kowanne da sharar da ta kewaye shi. Na farko za a ƙone shi da wuri yadda Alice take yi. Na biyu sai tsakiyar rani. Na uku ba za a taɓa shi ba. Kauthar ta riƙa zuwa duk Talata da Asabar, tana yankar ciyawa ta auna nauyinta, ta tafi da ita ɗakin gwaji ta busar, ta sake aunawa don ta san yawan ruwan da ke ciki. Kafin ta yanka sai ta miƙa wa Alice kara guda ta murɗa ta faɗi nata hukuncin, ita kuma ta rubuta. Bayan mako bakwai ta zo da takarda, ta jera maganar Alice a gefe ɗaya, lissafin ɗakin gwaji a ɗaya gefen. Sau biyu kawai suka saɓa.

Filin farko ya ci wuta a hankali, harshen wutar bai wuce gwiwa ba, ƙananan ɗorawa da kaɗanya da ke ciki duk suka tsira. Na biyu da aka sa wa wuta a Fabrairu, da mutum takwas tsaye da ɗanyen ganye, ya ƙone cikin minti huɗu, wutar ta fi tsayin mutum, ba itacen da ya kai labari. Na ukun kuwa bai ga ƙarshen rani ba. Wani ne da ba a sani ba ya jefa masa guntun sigari a cikin Maris. Kauthar ta tsaya a bakin tokar ta ce za ta sake rubuta babi biyu na aikinta.

A shekara ta biyu Alice ce ta yi kuskure. Treasure ta haihu a Kubwa daidai lokacin da ruwa ya ɗauke, Alice ta tafi kula da ita, ba ta dawo ba sai bayan kwana goma sha biyu. Ciyawa ta riga ta yi nisa. Ta murɗa kara, ta ji ya kusa karyewa. Kauthar ta duba awonta ta ce a haƙura da ƙonawa bana, a tsaya ga shara. Alice ta ce raɓar safiya za ta riƙe wutar, ta sha yi. Ta ƙyasta ashana. Wajen ƙarfe tara iska ta taso daga gabas, wutar ta kama hawan tudu, wani garwashin ciyawa ya tashi ya tsallake taku shidan nan kamar babu su, ya faɗa dawar Godfrey da ba a girbe ba. Kafin su kashe, kusan kwatan gonar ya tafi.

Alice ba ta jira labari ya riga ta ba. Da tokar a jikinta ta je gidan Godfrey ta same shi yana ba karnuka abinci.

"Oga Godfrey, dawarka ta ƙone. Ni na sa wutar. Dakta ta hana ni, ban ji ba. Idan na girbe tawa ka zo ka ɗebi abin da ya yi maka."

Dattijon ya ajiye kwanon. Ya ce ta zauna.

"Mama Treasure, tunda kin zo da ƙafarki kin faɗa, ni ma akwai abin da ya daɗe yana cina. Wutar da ta cinye miki rumbu, ni ne. Gafiya na bi cikin rami."

"Na sani," in ji Alice. "Washegari na tsinci hularka a bakin ramin."

"Shekara shida ba ki ce min komai ba?"

"In na ce, doyar za ta dawo ne? Abin da nake so yanzu, ka ɗauki fartanya. Iyakata ta yi kaɗan, kuma ni kaɗai ba zan iya faɗaɗa ta ba."

Bai karɓi dawar ba. Ran Litinin aka gan shi a gefen gonarsa yana shara.

Kauthar ta auna nisan da garwashin ya yi, ta haɗa da gangaren wurin da ƙarfin iskar ranar, ta dawo ta ce taku shida ya isa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, amma a hawan tudu sai goma sha biyu, domin wuta ta fi gudu idan tana hawa. Alice ta karɓa ba gardama. Ta kuma kafa wa kanta doka: duk shekarar da hannunta da awon Dakta suka saɓa, ba a sa wuta sai an sake dubawa.

Taku goma sha biyu a kewayen gonaki sama da arba'in ba aikin mutum biyu ba ne. Godfrey ya roƙi fasto ya yi sanarwa a coci ran Lahadi. Kauthar ta samu limamin unguwar ta yi masa bayani, ya faɗa bayan sallar Juma'a. Mutum goma sha tara suka fito a karon farko. Saura Fulanin da ke sauka bayan dutsen da rani, waɗanda su ma sukan ƙona ciyawa don sabon toho ya fito wa shanu. Kowa ya ce ba za su saurara ba. Alice ta tafi rugar da kanta ta samu babbansu, wani mai suna Manniru, ta ce masa in an gama girbi ya kawo shanunsa su cinye ciyawar da ke bayan iyaka da karan gonaki, ba wanda zai kore su, shi kuma kada yaransa su sa wuta sai ranar da aka tsayar tare. Manniru ya tambaye ta ko da bakin manoman duka take magana. Ta ce ya ba ta kwana uku. Sai da ta bi su gona gona, wasu da lallashi, wasu da faɗa, mutum biyu suka ƙi har ƙarshe, ta koma ta gaya masa gaskiya, ta nuna masa gonakin biyun da zai kauce wa.

Ranar gwajin gaske ta zo a Fabrairun 2024, ana tsakar rana. Leburorin wani rukunin gidaje da ake ginawa a ƙasan dutsen sun tara buhunan siminti sun sa musu wuta, iska ta kwashe ta ta zuba a daji. Wannan karon Alice tana gona. Ta buga wa Godfrey waya, shi ya buga wa wasu, kafin rabin sa'a mutum kusan talatin sun hallara, wasu da rassan mangwaro, wasu da famfon feshi cike da ruwa. Manniru ya kora shanunsa can gefe ya dawo da mutanensa huɗu.

Wutar tana tahowa da ruri kamar ana yayyaga zani. Wasu suka fara ja da baya. Alice ta jera su a kan iyakar, taku biyar tsakanin kowane mutum da ɗan'uwansa, ta ce kada wanda ya tari wutar, aikinsu kawai duk garwashin da ya tsallako su kashe shi. Akwai wata kusurwa ta arewa, gefen gonakin nan biyu da masu su suka ƙi shiga, inda ciyawa ta kai ƙirji. Nan ta tsaya da kanta. Ta jira har ta ji iskar ta fara jan hayaƙi zuwa wajen babbar wutar, sannan ta sa tata ƙaramar wuta a bakin sharar. Ƙaramar ta ci ciyawar ta nufi babbar, suka haɗu a tsakiya suka yi tsalle sama, sai kuma suka faɗi. Kafin la'asar ba abin da ya rage sai hayaƙi. Rumbu ko ɗaya bai ƙone ba. Wani matashin manomi ya ƙone a dantse, Kauthar da ta iso ana cikin yi ta kai shi asibiti a motarta, aka ɗaure masa ya dawo gida a ranar.

Da binciken ya kammala, aka shirya taro a wani babban ɗaki a tsakiyar birni, da jami'an gandun daji da na kashe gobara da malaman jami'a. Kauthar ta sa sunan Alice a kan takardar tare da nata, ta kuma nace sai ta yi magana. Alice ta sa zaninta na zuwa coci ta hau mumbari. An ba ta minti biyar, ta yi ashirin, da Hausa, tana sa Turanci inda ya zo mata. Wani babban jami'i ya tambaye ta wace na'ura take ganin ya kamata a saya musu. Ta ce manjagara talatin, da famfon feshi goma, sannan a gyara turbar da ta tashi daga ƙarshen kwalta don motar ruwa ta iya hawa. Manjagarar da famfunan sun iso bayan wata huɗu. Turbar tana nan yadda take, duk wata sai Godfrey ya je ofis ya tuna musu.

Yanzu ana zuwa ɗaukarta. Ta je ƙauyuka biyu a wajen Bwari, ta je gefen Karmo, ta kuma je wajen wasu manoma 'yan gudun hijira daga Kuchigoro da aka ba aron fili. Ba ta son zama a aji. Duk inda aka kai ta cewa take a fita gona, a ba ta fartanya, ta nuna a ƙasa.

Ita da Kauthar kuwa wata sabuwar gardama suke yi. Alice ta gaji da share fili taku goma sha biyu a bar shi haka ba amfani, tana ganin in aka shuka rogo a kan iyakar, ɗanyen ganyensa zai tare wuta, ga kuma abinci. Kauthar tana tsoron busasshen ganyen da ke zubewa a gindinsa. Ran Asabar da ta wuce suka auna sababbin filaye biyu a gefen gabas, ɗaya za a bar shi fili, ɗaya a shuka.

"Mama, wannan karon fa ina jin ni zan ci," in ji Kauthar tana naɗe igiyar awo.

"Mu gani a Fabrairu," in ji Alice. "Ke dai ran Talata ki taho min da irin rogon daga Gwagwalada, mai yawan ganye. Kada ki bari su ba ki wanda ya kwana a rana."